Ina Wuƙar Hadaya Ta Shiga?

A Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba cikin masarautar Zuru, yanka dabba don neman yardar Allah ba baƙon abu ba ne. Ranar Babbar Sallah Musulmi kan kayar da ragon layya, nama ya zaga unguwa har gidan maƙwabci Kirista. A ƙauyukan da ke kewaye, ƙasar Dakarkari da Dukawa da Kambari da Acifawa, har yau akwai dattawan da ke riƙe da hanyar kakanni: in ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko damina ta yi gardama, sai a nemi kaza ko akuya a kai inda iyaye suka saba kaiwa. Kirista ne kaɗai ba ya yanka don sujada. Yakan yanka na Kirsimeti, ya yanka na aure da na suna, amma duk wannan na tukunya ne.

Abin da ya sa lamarin ke ɗaure kai shi ne littafin da ke hannunsa. Surori 7 na farkon Littafin Firistoci ba su da wani zance sai na hadaya: wace dabba za a kawo, ina za a yanka ta, me za a ƙone, wa zai ci saura. Mai hadaya da kansa ke ɗora hannu a kan dabbar, shi ke yankawa, firist ya tari jini ya yayyafa a bagade. Littafin Ƙidaya sura 28 ya wajabta 'yan raguna 2 kowace rana, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Lokacin da Sarki Sulemanu ya keɓe Haikali a Urushalima, shanu 22,000 da tumaki 120,000 aka lissafa. Mai wannan littafi ya kamata a ce ya fi kowa riƙon wuƙa.

Ga kuma wani abu da ke ƙara rikita lissafi. In kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, ikilisiyoyi kan yi sujadar godiya. Mata su shigo da rawa ɗauke da kwandunan masara da gyaɗa, maza da dammunan dawa da buhunan shinkafa, can a baya wani ya jawo rago da igiya, wata ta rungumo zakara. A kai su har gaban bagade, fasto ya yi addu'a, a fita da dabbar da ranta. In hadaya ta ƙare, me ya kawo rago cikin coci? In ba ta ƙare ba, ina wuƙar ta shiga? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane a ƙasar Zuru ita ce Turawan mishan ne suka hana. Biri ya yi kama da mutum. 'Yan mishan na United Missionary Society, waɗanda ikilisiyar UMCA ta fito daga aikinsu, sun iso Zuru cikin shekarun 1920, suka tarar da al'umma mai bukukuwanta irin su Uhola, mai wuraren yankanta, kuma lalle sun nemi wanda ya tuba ya juya wa yankan gargajiya baya. Amma in su ne suka ƙago hanin, to ya kamata in an koma can baya, kafin Turai ta fara aiko da kowa, a tarar da Kiristoci suna yanka a wurin sujada. Mu duba.

Wajen shekara ta 155 bayan haihuwar Almasihu, wani malami a birnin Rum, Jastin Shahidi, ya rubuta wa Sarki Antoninus Fiyus bayanin abin da Kiristoci ke yi ranar Lahadi. Ana taruwa, a karanta rubuce-rubucen manzanni da na annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a tashi a yi addu'a, a raba gurasa da ruwan inabi, sannan masu hali su bayar da abin da suka yi niyya a ajiye wurin shugaba don marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Babu dabba a cikin jerin. Kafin wannan ma, wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan Romawa a lardin Bitiniya da ke arewacin Turkiyya ta yau, ya kai wa Sarki Tarajan rahoto cewa yaɗuwar wannan addini ta sa gidajen gumaka sun kusa zama kufai, naman hadaya kuma ya yi kwantai a kasuwa. Tsakanin rahoton Filini da zuwan mishan Zuru akwai shekara fiye da 1,800. Turawa sun tarar da abin ne, suka kawo shi yadda suka gada.

Wasu kuma sukan ce talauci ne, wai Kiristocin farko ba su da halin rago. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Shari'ar Musa da kanta ta yi wa talaka sauƙi: wanda ba shi da tunkiya ya kawo kurciyoyi 2 ko 'yan tattabaru 2, wanda ko wannan ya gagare shi ya kawo ɗan gari. Luka ya ambaci tsuntsaye 2 ne a ranar da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali. Rashin dukiya bai taɓa rufe wa kowa ƙofar bagade ba.

Amsa ta uku ta fi waɗannan nauyi, kuma masu karatu da yawa a nan suke tsayawa. Maimaitawar Shari'a sura 12 ta ce ba a ko'ina ake miƙa hadaya ba, sai a wuri ɗaya da Allah ya zaɓa. Mutum na iya yanka dabba don ci a garinsu, amma hadaya sai can. Wurin nan ya zama Haikalin Urushalima, kuma a shekara ta 70 rundunar Romawa ƙarƙashin Titus ta ƙone shi. Tun daga ranar Yahudawa ba su da bagade, malamansu kuma suka koyar da cewa addu'a da karatun Attaura da ayyukan jinƙai su ne suka tsaya a madadin hadaya. Akwai ma wata 'yar ƙaramar al'umma da ke tabbatar da wannan lissafi ta ɓangaren da ba a zata ba. Samariyawa, waɗanda ba su kai mutum 1,000 ba a yau, sun ɗauki Dutsen Gerizim kusa da Nablus a matsayin zaɓaɓɓen wuri. Dutsensu na nan, saboda haka duk shekara a Idin Ƙetarewa suna yanka tumaki a kansa har gobe.

Wannan ya warware na Yahudawa. Na Kirista kuwa da saura, domin kwanakin ba su yi daidai ba. Manzo Bulus ya rubuta wasiƙarsa zuwa ga Romawa wajen shekara ta 57, lokacin da hayaƙin Haikali ke tashi safe da yamma, kuma a sura 12 ya riga ya ce wa masu bi su miƙa jikunansu, da ransu, a matsayin hadaya. Taron manzanni na Urushalima, wajen shekara ta 49, da ya zauna kan abin da za a ɗora wa masu tuba waɗanda ba Yahudawa ba, bai ce su riƙa aiko da dabba Haikali ba. Gaskiya ne masu bi Yahudawa sun ci gaba da shiga Haikali, har Bulus kansa a Ayyukan Manzanni sura 21 ya ɗauki nauyin hidimar wasu mutum 4 da suka yi wa'adi, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Amma ba wanda ya kafa bagaden yanka a Antakiya ko Korinti ko Afisa. Tun Haikali na tsaye da ƙafafunsa wani abu ya riga ya sauya a tunaninsu. Sai an nemo wannan abin.

Mabuɗin yana cikin tambayar da muka tsallake: jinin nan, aikin me yake yi? Littafin Firistoci sura 17 ya ce rai yana cikin jini, kuma an ba da shi a kan bagade ne don kafara. Ɗora hannu a kan dabba furci ne cewa wannan rai yana tsaye a madadin nawa. Babbar ranar wannan aiki ita ce Ranar Kafara a sura 16. Sau ɗaya tak a shekara babban firist ke shiga bayan labule, Wuri Mafi Tsarki, da jini. Ana kawo bunsuru 2, a yanka ɗaya, ɗayan a furta laifuffukan jama'a a kansa a kora shi jeji. Baɗi kuma a sake, baɗin baɗaɗa a sake.

Marubucin wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ya tsaya a kan wannan maimaitawa, ya ce ita ce shaidar aikin bai kammalu ba. Duk wanda ya taɓa cin bashi a kanti ya san haka: muddin kana zuwa kowace ranar kasuwa kana rage wani abu, sunanka na nan cikin littafin mai kanti, ranar da aka ja layi a kan sunan ba ka sake zuwa da kuɗi. A sura 10 ya ce jinin bijimai da na awaki ba zai iya kawar da zunubi ba, tunatarwa kawai yake yi duk shekara. Ya kuma lura da abin da ido ke saurin wucewa: firistoci a tsaye suke hidima kullum. In ka bi kayan alfarwar sujada da aka jera a Littafin Fitowa, akwai akwatin alkawari, akwai tebur, akwai alkuki, akwai bagadai da daro, babu kujerar firist. Almasihu kuwa, in ji shi, ya miƙa kansa sau ɗaya, sannan ya zauna. Inda aka gafarta, babu sauran hadaya don zunubi.

A nan wuƙar ta tsaya. Kirista bai daina yanka don ya raina hadaya ba. Ya gaskata an yi wadda ta isa, kuma sake zubar da jini don neman gafara daidai yake da cewa na Yesu bai wadatar ba. Abin lura ne cewa ikilisiyoyin da suka sha bamban a wasu abubuwa ba su rabu a wannan ba. Ɗan Katolika da ke ƙarƙashin dayosis ɗin Kontagora yana kiran Mas hadaya, amma koyarwar ikilisiyarsa, kamar yadda Majalisar Tarent ta bayyana a 1562, ita ce hadayar gicciye guda ɗaya ce ake gabatarwa ba tare da zubar da jini ba. Ɗan UMCA ko ECWA ko Baftis yana cin Jibin Ubangiji don tunawa. Muhawara tsakaninsu ta daɗe, amma a teburin kowannensu gurasa da ƙoƙo za ka gani.

Rabin tambayar ke nan aka amsa. Ragon godiyar kaka fa? Ko kuskure ne da ya maƙale daga tsohon zamani? Ban yarda kuskure ba ne. Matsalar ita ce mun saba ɗauka kowace hadaya ta zunubi ce, alhali Littafin Firistoci ya kawo iri 5, kuma 3 daga ciki ba laifi ke jawo su ba. Akwai ta ƙonawa, wadda ake ƙone ta ɗungum alamar mutum ya ba da kansa duka. Akwai ta gari, daga amfanin gona, da mai da gishiri. Akwai kuma ta salama, wadda a ganina ita ce uwar abin da muke yi da kaka.

Hadaya ta salama ita kaɗai ce mai kawowa ke cin namanta. Kitse a ƙone a bagade, ƙirji da cinyar dama su zama na firist, sauran ya koma wa mai shi. Sai sura 7 ta sa wani sharaɗi mai ban mamaki: in don godiya aka yi ta, dole a cinye naman a ranar, kada ya kwana. Ka tsaya ka auna. Magidanci ya yanka sa guda, ba a yarda ya yi kilishi ba, ba a yarda ya soya ya adana ba. Shi da iyalinsa ba za su cinye sa kafin gari ya waye ba. Me ya rage masa in ba ya aika a kira maƙwabta, da barori, da Balawe marar gona, da baƙo, da maraya, da gwauruwa ba? Su ne mutanen da Maimaitawar Shari'a ke ta ambato idan ta zo kan bukukuwa. Sharaɗin nan ya ɗaure hannun marowaci, ya mai da godiyar mutum ɗaya abincin unguwa.

Akwai ikilisiya guda tsohuwa da ta riƙe wannan sura kusan yadda take. Armeniyawa, waɗanda ƙasarsu ta karɓi Kiristanci tun wajen shekara ta 301, suna da al'adar da suke kira matag. Wanda ya warke daga ciwo ko ya tsira daga hatsari yakan kawo rago ko zakara, firist ya sa wa gishiri albarka, a yanka dabbar a wajen ɗakin sujada, a dafa da ruwa da gishiri, a raba wa mabukata, kuma ba a barin naman ya kwana. Ikilisiyarsu na nanata cewa wannan ba kafara ba ce, godiya ce da sadaka. Misalinsu ya nuna inda iyaka take: jini don wanke zunubi ya ƙare, nama don ciyar da ɗan'uwa bai ƙare ba.

Sabon Alkawari ma haka ya raba. Wasiƙar Ibraniyawan nan da ta rufe ƙofar hadayar zunubi a sura 10, ita ce a sura 13 ta ambaci hadayun da suka rage: yabon Allah da baki, yin alheri, da raba abin hannu. Da ikilisiyar Filibi ta aika wa Bulus gudummawa yana tsare, ta hannun Abafaroditus, ya kira kyautar da sunan hadaya mai ƙanshi. Da masu hali a Korinti suka riƙa cinye abincin taro talakawa na kallo, ya ce musu abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne. Ragon da ke fita daga coci da ransa, ashe, daidai yake. Ba biyan bashi ya zo yi ba, kyauta ce. Abin bincike shi ne inda yake ƙarewa.

Nan ne zuciyata ba ta kwanta ba. A wurare da yawa, bayan sujada sai a yi gwanjon kayan, a kira sunan wanda ya fi kowa tayi, a tafa masa, kuɗin ya tafi kwano da siminti. Gini ba laifi ba ne, mai hidima kuma yana da rabonsa tun daga shari'ar Musa. Amma wannan ƙasa ta sha wuya a 'yan shekarun nan. 'Yan bindiga sun kore garkuna, sun tashi ƙauyuka, kuma a watan Maris na 2022 kwanton ɓauna guda ya hallaka 'yan sa-kai sama da 60 a yankin Sakaba. Bayan kowane ɗayansu akwai iyali. Mutanen da a da rumbunansu ke cike sun dawo garuruwan bakin titi suna zaune a ɗakin aro. Ikilisiyar da ta tara buhuna a gaban bagade alhali a bencin baya akwai wadda ba ta ɗora tukunya jiya ba, ta karɓi hadayar salama ta yar da sharaɗinta. Ya kamata dattawa su ware rabon gwauraye da 'yan gudun hijira tun kafin a buɗe gwanjo, ba tare da tambayar wane coci suke zuwa ko wane addini suke bi ba. Maƙwabcin da ke aiko mana da naman layya bai taɓa tambayarmu haka ba.

Tsoro ma yana komar da mutane baya ta hanya biyu. Wani yana cin Jibin Ubangiji ranar Lahadi, da dare ya kai baƙar akuya a yanka masa don neman tsari. Ba na yi masa dariya, domin wanda bai kwana a daji da 'ya'yansa ba bai san abin da tsoro ke sa mutum ba. Amma aikin fasto ne ya zauna da shi ya nuna masa ba ya bukatar sayen kulawar Allah da jini. Hanya ta biyu ta fi muni, don daga kan bagade take fitowa: mai wa'azin da ke cewa ka shuka iri mai zafi, ka ba da abin da zai yi maka ciwo, sai Allah ya buɗe maka. Wannan tsohon ciniki ne, an dai musanya akuya da ambulan ɗin kuɗi. Annabawa irin su Amos da Mika da Ishaya sun yi faɗa da masu wannan tunani tun bagade na ci da wuta.

Saura hadaya guda da ba a cika karantawa a sujada ba, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai: hadaya don laifi, a farkon sura 6 ta Littafin Firistoci. Ta shafi wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya zalunci maƙwabci, ko ya tsinci abu ya musa, ko ya rantse kan ƙarya. Tsarinta a jere yake. Da fari ya mayar wa mai abu abinsa cikakke. Sannan ya ƙara kashi 1 cikin 5 a kai. Bayan haka ne zai kawo rago wurin firist. Ragon kam, Yesu ya ɗauke shi. Mayarwar kuwa ba ta bukatar Haikali, don haka Titus bai rushe ta ba, kuma Yesu da bakinsa ya ƙarfafa ta a Matiyu sura 5: wanda ya kawo baiko ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, ya ajiye baikon nan, ya je su shirya tukuna. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da ya tuba, ninki 4 ya yi alkawarin mayarwa.

A Dirin Daji ta yau wannan ba tarihi ba ne. Akwai wanda ya matsar da iyakar gona da ya ga maƙwabci ya yi gudun hijira. Akwai wanda ya sayi saniya da araha yana sane da inda ta fito. Akwai mai riƙe da kuɗin adashi ko na zumuntar mata da ya ci ya yi shiru. Bisa lissafin sura 6, wanda ya riƙe Naira 50,000 ta wani zai mayar da 60,000, hannu da hannu, ga mai ita. Shawarata ga ikilisiyoyinmu ita ce a karanta wannan sura Lahadi guda kafin godiyar kaka, a ba jama'a mako su bi gidaje su warware abin da ke tsakaninsu, wanda kunya ta hana shi zuwa shi kaɗai kuma dattawa biyu su raka shi.